Karkarwar Fiffike: Tarihin Ciwon Jiragen Sama da Lissafin da Ya Bi Sawunsa

A shekarar 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, matuƙan da ke gwada wani babban jirgin jefa bama-bamai na kamfanin Handley Page a Ingila suka kawo kukan wani abu da ba a san kansa ba. Da zarar jirgin ya kai wani gudu, sai wutsiyarsa ta kama kaɗawa, gangar jikinsa tana murɗewa dama da hagu. Inji lafiyarsa lau, ba hadari, ba guguwa. Aka kira Frederick Lanchester, injiniyan da ya yi suna wajen ƙera motoci, ya kuma daɗe yana nazarin tashin jirgi, aka ce ya duba.

Lanchester ya gane cewa motsin ba daga waje yake zuwa ba, jirgin ne yake ciyar da shi da kansa. Leɓɓan nan biyu na bayan wutsiya, waɗanda matuƙi ke ɗagawa ko saukewa don jirgi ya hau ko ya gangaro, kowanne da wayarsa, babu wani abu mai tauri da ya ɗaure na dama da na hagu. Sai ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, su murɗe gangar jirgin, ita kuma in ta dawo ta sake wurga su. Ya ce a haɗa su da bututun ƙarfe su riƙa motsi tare. A cikin wannan shekarar Leonard Bairstow da Arthur Fage, na cibiyar binciken kimiyya da ke Teddington, suka zuba matsalar a lissafi, kuma nasu ne ake ɗauka lissafin farko da aka yi wa karkarwar jirgi.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ciwon ke kamawa. Fiffiken jirgi yana lanƙwasa sama da ƙasa, yana kuma murɗewa, bakinsa na gaba ya ɗaga ko ya sunkuya. Kowane motsi da saurin kaɗawarsa, murɗewa kuma ta fi lanƙwasa sauri. Muddin gudu bai yi yawa ba, in wani abu ya bugi fiffike zai kaɗa ya lafa, iska ce ma ke taya shi kwanciya. Amma gudu na ƙaruwa, ƙarfin iska na jawo saurin motsin biyu kusa da juna, har su shiga taki ɗaya, ɗaya yana ɗan gaban ɗaya. A nan abin ke lalacewa. Fiffike na kan hanyar zuwa sama bakinsa a ɗage, iska ta ƙara tura shi sama. Yana dawowa bakin a sunkuye, ta danna shi ƙasa. Kamar yaro a kan lilo da ake turawa daidai lokacin da ya kama hanyar tafiya, kowane zuwa ya fi na baya nisa. Sai dai a nan babu mai turawa. Iskar miƙe take gudana, fiffiken ne yake tsara lokacin da za ta ture shi, makamashin kuma daga gudun jirgin yake fitowa. Shi ya sa daƙiƙoƙi kaɗan kan isa fiffike ya ɓalle.

A 1918 Jamusawa suka ɗanɗana ɗan'uwan wannan ciwo. Jirgin yaƙinsu Fokker D.VIII mai fiffike ɗaya ya riƙa rasa fiffikensa a sama, alhali in an jibga masa buhunan yashi a ƙasa yana ɗauka. Bincike ya sami aikin ganganci a masana'anta, amma shi Anthony Fokker ya ba da wani dalilin da injiniyoyi ke karantarwa har yau. Hukuma ta sa an ƙara wa katakon baya na cikin fiffiken kauri, wannan kuwa ya mayar da layin da fiffiken ke murɗewa a kansa baya, ta yadda duk sa'ad da iska ta ɗaga shi bakinsa zai ƙara ɗagewa, ɗagewar ta jawo ƙarin iska, har ya tsinke. Garin neman gira aka rasa ido. Daga nan aka fara fahimtar cewa ƙwari daban, tauri daban, kuma inda aka sa taurin ma abin lura ne.

Holan ta kawo magani mafi sauƙi. A 1923 von Baumhauer da Koning, suna binciken wani jirgin da ke sauka a kan ruwa, suka nuna cewa in aka maƙala ɗan nauyi a gaban mahaɗar da leɓen fiffike ke juyawa a kai, har nauyin gaba da na baya su daidaita, lanƙwasar fiffike ba za ta ƙara wurga leɓen ba. Har yau ana yin haka. A 1928 kuma Robert Frazer da William Duncan suka fitar da dogon rahotonsu a kan karkarwar fukafukai, wanda injiniyoyin Ingila suka daɗe suna ɗauka tamkar littafi mai tsarki a wannan fanni.

Abin da ya rage mai wuya shi ne iskar kanta. Fiffiken da ke kaɗawa yana barin ƙananan guguwoyi a bayansa, su kuma suna ci gaba da tasiri a kansa bayan sun bar jikinsa. Ke nan ƙarfin da iska ke yi a yanzu ya dogara da abin da fiffiken ya yi ɗazu. Masana a Jamus, irin su Birnbaum da Wagner da Küssner, sun yi aiki a kai tun shekarun 1920. Wanda ya ƙulla zancen shi ne Theodore Theodorsen, ɗan ƙasar Norwe da ke aiki a cibiyar Langley ta hukumar NACA a Amurka, cikin rahoto mai lamba 496 na 1935. Ya yanki tsakiyar fiffike a takarda, ya mayar da shi faranti siriri a kan sifirin biyu, ɗaya na lanƙwasa ɗaya na murɗewa, ya ƙara masa leɓe. Sannan ya nuna cewa duk tasirin guguwoyin baya ana iya tattara shi cikin ma'auni guda, wanda ya dogara da lamba ɗaya tak: saurin kaɗawa sau rabin faɗin fiffike, a raba da gudun iska. In kaɗawar a hankali take, ma'aunin 1 ne, in ta yi sauri ƙwarai ya sauko zuwa rabi. Ina ganin wannan na cikin ayyukan lissafi mafi tsafta da aka yi wa jirgin sama. Injiniya ya zuba nauyi da tauri da faɗi, lissafi ya ba shi amsa ɗaya: ga gudun da karkarwa za ta fara.

Wasu ƙasashen ma ba su zauna ba. A Tarayyar Sobiyet Mstislav Keldysh da abokin aikinsa Grossman sun sami lambar yabo ta Stalin a 1942 saboda aikinsu a kan karkarwa. A Jamus von Schlippe ya fara gwada abin a sama a 1935: a girgiza jirgi da gangan, a auna yadda yake lafawa, a ƙara gudu kaɗan, a sake. Hanya ce mai hatsari, kuma a Fabrairun 1938 babban jirgin Junkers Ju 90 ya faɗo yana cikin irin wannan gwaji. Masu gini ma sun sha nasu ranar 7 ga Nuwamba 1940, da gadar Tacoma a Amurka ta yi ta murɗewa har ta rufta cikin iskar da ba ta kai kilomita 70 a awa ba. A 1946 Roderick Collar ya zana fannin gaba ɗaya da kusurwa uku: ƙarfin iska, taurin jiki, da nauyin da ke ƙin sauya motsi. Bayan yaƙi kwamfuta ta shigo. Hanyar yanka jiki ƙanana-ƙanana a lissafa kowane yanki, wadda yau ake zana gadoji da motoci da ita, daga ƙoƙarin auna taurin fukafukai a kamfanin Boeing aka haife ta, a takardar Turner da Clough da Martin da Topp ta 1956. A 1969 Albano da Rodden suka yi wa iskar irin wannan yankan.

Sai Electra ta zo. Ranar 29 ga Satumba 1959 jirgin fasinja ƙirar Lockheed Electra na kamfanin Braniff ya rasa fiffike a saman garin Buffalo na jihar Teksas, mutum 34 suka mutu. Ranar 17 ga Maris 1960 wani na kamfanin Northwest ya tarwatse a jihar Indiyana da mutum 63. Jirgi ne sabo, lissafinsa ya cika ƙa'ida. Aka taƙaita gudun sauran, aka kai ƙaramin samfurinsa sabon ramin gwajin iska na Langley. Abin da aka gano shi ne, in mazaunin injin ya raunana, farfela takan fara wani lilo na zagaye, hancin injin yana zana da'ira. A lafiyayyen mazauni wannan lilo da kansa yake mutuwa. A raunanne kuwa saurinsa yana sauka har ya haɗu da na fiffike, ya karya shi. Taylor da Browne sun yi bayanin yiwuwar haka tun 1938, ba wanda ya ɗauka zai taɓa zama matsala. Lockheed ya ƙarfafa mazaunan inji da fukafukai, ciwon bai dawo ba. Darasin da ni nake gani a nan shi ne, an yi lissafin jirgi lafiyayye, wanda ya kashe mutane kuwa jirgi ne da wani abu ya riga ya saki a jikinsa.

Duk lissafin da muka ambata zuwa nan miƙaƙƙe ne. Ma'ana, an ɗauka in ka ninka kaya sau biyu, lanƙwasa ma za ta ninku sau biyu, motsi ƙarami ne, iska tana manne da fiffike, kowace mahaɗa a ɗaure take tamau. Irin wannan lissafi amsa uku gare shi. Ƙasa da gudun karkarwa motsi zai mutu, a daidai kansa zai tsaya yadda yake, sama da shi zai yi ta girma ba iyaka. Ya ceci rayuka masu yawa, domin ya ja layi ya ce kada a matso, kuma dokar manyan jiragen fasinja ta tanadi tazarar kashi 15 cikin 100 a kan gudun gangara mafi girma da aka ƙera jirgi dominsa. Amma babu fiffiken da ke kaɗawa ba iyaka. Ko ya karye, ko wani abu ya tare shi. Miƙaƙƙen lissafi kuwa ba shi da bakin magana a kan wanne zai faru.

A 1957 Woolston da Runyan da Andrews, su ma a Langley, suka tambayi abin da zai faru in sifirin ɗin ya bauɗe wa wannan ƙa'ida. Suka gwada mahaɗar da ta yi sako-sako, wadda leɓe ke ɗan yawo a cikinta kafin ya ci karo da tauri, da sifirin da ke ƙara tauri gwargwadon yadda aka matsa shi. Sakamakon ya tayar da hankali. A mahaɗa mai sako-sako kaɗawa na iya tashi ƙasa da gudun da miƙaƙƙen lissafi ya bayar, kuma tashinta ya danganta da girman bugun farko. Jirgi ɗaya, gudu ɗaya, ƙaramar iska ta buge shi ya lafa, babba ta buge shi ya kama rawa.

Kayan aikin fahimtar wannan sun riga sun wanzu a wani wuri. Henri Poincaré a Faransa ya bayyana motsin da ke komawa kan zagaye guda yana maimaita kansa tun shekarun 1880. Balthasar van der Pol ya gan shi a kwalaben rediyo a shekarun 1920, Aleksandr Andronov ya haɗa aikin mutanen biyu a 1929, Eberhard Hopf kuma a 1942 ya nuna yadda irin wannan zagaye ke haihuwa daga natsuwa idan aka sauya wani ma'auni a hankali. Da injiniyoyin jirgi suka ɗauko wannan ilmi, suka ga karkarwa mai iyaka iri biyu ce. Akwai mai sauƙin hali: a tsallake layi da kaɗan, fiffike ya fara ƙaramar kaɗawa, a ƙara gudu ta ƙaru kaɗan, a rage ta tafi. Tana gajiyar da ƙarfe, tana damun matuƙi, amma tana ba da gargaɗi. Akwai kuma mugunya. Ita tana nan a ɓoye tun ƙasa da layin, tana jiran bugu mai ƙarfi, in ta tashi da girmanta take tashi. Mafi muni, matuƙin da ya rage gudu ya koma inda yake kafin ta fara ba zai same ta ta tsaya ba, sai ya sauka ƙasa da haka sosai. Duk tarbiyyar matuƙi da duk tsarin gwaji na ƙara gudu kaɗan-kaɗan an gina su ne a kan zaton ciwon zai yi sallama kafin ya shigo. Wannan nau'in ba ya yi. A ganina, rarrabe waɗannan biyun shi ne babban abin da lissafin bauɗaɗɗen hali ya kawo, ya fi duk wani ƙarin daidaito a lambar gudu muhimmanci.

Earl Dowell, wanda ya fara a jami'ar Princeton ya koma Duke, ya yi shekaru a wannan fage. A 1966 ya lissafa yadda fallen fatar jirgi ke kaɗawa cikin iska mai gudun fiye da sauti, ya nuna cewa miƙewar fallen ce ke taƙaita kaɗawar. A 1982 ya nuna cewa fallen da ya riga ya lotsa yana iya shiga motsi na hargitsi, wanda ba ya maimaita kansa, ko da yake babu komai na sa'a a cikin lissafin.

Iskar ma tana da nata bauɗewar. Dab da gudun sauti, inda jiragen fasinja na zamani ke tafiya, wata katanga ta matsin iska kan tsaya a saman fiffike, tana kai da komo in ya motsa, wani lokaci ta ɓalle iskar daga jikinsa. A wannan yanki gudun karkarwa yakan faɗi ƙasa, faɗuwar da miƙaƙƙen lissafi ba ya kamawa yadda ya kamata. Tijdeman ya auna motsin katangar dalla-dalla a Holan, ya buga sakamakon a 1977. Jirgin yaƙi F-16 ya zama misalin da kowa ke kawowa: da wasu haɗe-haɗen makamai da tankunan mai a ƙarƙashin fiffike yakan shiga karkarwa mai iyaka, ya yi ta jijjiga matuƙi ba tare da ya karye ba. Shekara da shekaru masana na jayayya a kan ko iska ce ke tare kaɗawar ko gogayyar mahaɗai, kuma kowane sabon haɗin kaya sai an tashi da shi an gwada.

Haɗurra biyu sun nuna wannan ilmi ba na allo kaɗai ba ne. Ranar 14 ga Satumba 1997, a wajen wasan jirage kusa da Baltimore, fiffiken wani jirgi ƙirar F-117 ya kama karkarwa ya ɓalle a gaban 'yan kallo. Matuƙin ya tsira da laima. Bincike ya gano kusoshi huɗu ne babu su a maƙalin na'urar da ke juya leɓen fiffiken. Ranar 16 ga Satumba 2011 kuma, a tseren jirage na Reno, wani tsohon jirgi ƙirar P-51 da aka yi wa gyare-gyare yana gudun fiye da kilomita 800 a awa ya faɗa wajen masu kallo, matuƙin da mutum 10 suka mutu. Hukumar bincike ta ce notocin da ke riƙe da ƙaramin leɓen wutsiya sun tsufa, sukurorin suka saki, tauri ya ragu, karkarwa ta tsinke mahaɗar.

Bauɗewa ta uku daga siffa take zuwa. Helios jirgi ne marar matuƙi mai aiki da hasken rana, na hukumar NASA da kamfanin AeroVironment. Faɗin fiffikensa mita 75, ya fi na Boeing 747, nauyinsa kuwa kimanin tan 1. A Agustan 2001 ya hau ƙafa 96,863. Ranar 26 ga Yuni 2003, bayan an ɗora masa sabbin kaya masu nauyi, ya tashi daga tsibirin Kauai na Hawayi ya shiga iska mai hargitsi. Ƙarshen fukafukansa suka lanƙwashe sama suka ƙi dawowa. A wannan sabuwar siffar jirgin ya rasa natsuwa, ya fara sunkuyawa yana ɗagowa, kowane zagaye ya fi na baya, har gudunsa ya wuce abin da aka ƙera shi dominsa, fatarsa ta yage, ya faɗa teku. Kwamitin bincike ya ce kayan lissafin da aka yi amfani da su ba su isa ba, ya nemi a samar da hanyoyin da ke bin jirgi daƙiƙa bayan daƙiƙa, siffa da iska da tuƙi a haɗe. Dewey Hodges da Mayuresh Patil da Carlos Cesnik sun riga sun fara irin wannan aiki a Georgia Tech, Helios ya sa aka saurare su. Maganar ta shafi jiragen fasinja ma, domin neman tsimin mai yana sa fukafukai ƙara tsawo da siranta. A gwajin 2010 an lanƙwasa fiffiken Boeing 787 kimanin mita 7 da rabi.

Yau an kai inda ake yaƙar karkarwa da kwamfuta tana cikin faruwa. Da aka sami wata ƙaramar kaɗawa mai iyaka a Boeing 747-8 lokacin gwaji, maganin da aka yi shi ne manhajar da ke motsa leɓɓan ƙarshen fiffike su kashe ta, hukumar jiragen Amurka kuma ta rubuta mata sharuɗɗa na musamman a 2011. Jirgin X-56A, wanda ya fara tashi a 2013, an ƙera shi ne da fukafukan da ake cirewa a sauya, don a shiga karkarwa da gangan a ga ko kwamfuta za ta riƙe. Ni dai ina ganin wannan hanya tana buƙatar taka-tsantsan, domin ta ɗora amanar da a da take kan ƙarfe a kan waya da na'urar awo.

Duk da wannan ci gaba, ba a ba sabon jirgin fasinja izinin ɗaukar mutane da lissafi kaɗai. Sai an girgiza shi a ƙasa an auna kaɗawarsa, sannan matuƙin gwaji ya hau da shi yana ƙara gudu mataki-mataki. Bayan an sayar da shi kuma, amanar ta koma hannun makaniki. Littafin gyara ya ƙayyade iyakar sako-sakon da aka yarda leɓe ya yi, ya kuma ce in an sake wa leɓe fenti ko an yi masa faci a sake auna daidaiton nauyinsa, domin fenti kaɗai na iya mayar da nauyin baya. Ga 'yan'uwa masu koyon gyaran jirgi a kwalejin jiragen sama ta Zariya da sauran wurare, ina roƙo: waɗannan lambobin da ke cikin littafi ku auna su da ma'auni kowane lokaci, kada ku girgiza leɓe da hannu ku ce ya yi.